Tokar da Aka Tara wa Layin Tururuwa

A wani daji da kogi ya ratsa ta tsakiyarsa, da hantsin jajiberin kasuwa, wata kura ta tsaya a ƙofar ramin wata bushiya tana cewa, "Ni fa ba magana na ce ki yi ba, 'yar nan. Tsayuwa kawai za ki yi a gaban majalisa, su ga yadda kika rame. Maganar ki bar mini."

"To Inna, ai ban rame ba," in ji bushiyar, muryarta can ƙasa.

"Kin rame mana! Ni da nake kallonki ai na fi ki sani."

Kurar ta yi murmushi irin wanda ke fito da haƙoran ciki. Nan take bushiyar ta ji ƙafafunta sun fara shigewa ciki, kanta yana bin su, kafin ta ankara ta dunƙule kamar curin fura.

"Yauwa 'yar albarka," in ji kurar. "Haka nake so ki yi gobe."

Kurar nan sunanta Dubu, ita ce babbar 'yar sari a Kasuwar Gindin Kuka. Bushiyar kuwa Lantana ce, mai daddawa. Duk dajin babu hannun da ya kai nata. Takan dafa kalwa har ta yi laushi, ta surfa ta da toka, ta wanke, ta lulluɓe da ganye, ta zauna kusa da kwandon tana jiran ƙamshi kamar mai jiran masoyi ya dawo daga tafiya. Amma duk wannan gwaninta ba ta taɓa amfanar ta ba, saboda wata tsohuwar doka ta kasuwar. Dokar ta ce idan mai saye ya taya, mai kaya bai ce "albarka" ba, to ya sallama. An ce magabata sun kafa ta ne don kada a ɓata wa juna lokaci, kuma babu shakka ba ta ɓata wa masu haƙori lokaci.

Ita kuwa Lantana haka Allah ya yi ta: in aka daka mata tsawa sai ta dunƙule, in ta dunƙule kuma bakinta yana can cikin cikinta. Dubu ta gane haka tun tuni. Duk ranar kasuwa sai ta zo ta tsaya a kan faifan Lantana, inuwarta ta rufe shi, ta taya abin da ko itacen dahuwa ba zai mayar ba, ta buɗe baki kaɗan. Kafin Lantana ta warware, an kwashe kaya an tafi. Haka ake yi wa zomo mai rama, haka ake yi wa kurege mai gyaɗa, ana kiran abin ciniki.

Ana nan, bara da damina kogi ya cika ya hana kowa ƙetarewa, sai tururuwa suka fito da sabuwar sana'a. Suka jeru kai da kai, daga gindin kuka har tsallake, ta kan wani reshe da ya sunkuyo ya taɓa ɗan'uwansa na wancan gefe. Mai son magana sai ya raɗa wa ta kusa da shi, ita kuma ta taɓa kan ta gaba, ta gaba ta taɓa ta gabanta, kafin ƙiftawar ido magana ta isa inda aka aike ta. Suka ja rassan layin zuwa kowane rami da kowace sheƙa. Mai kaya ya faɗi abin da yake da shi, mai so ya taya, in an daidaita shamuwa ta ɗauki kaya ta kai. Ladan tururuwa ɗan ɓarɓashin da ya zuba ne kawai.

Abin da babu wanda ya hango shi ne, layi ba ya ɗaukar haƙori. Ba ya ɗaukar gurnani, ba ya ɗaukar inuwa, ba ya ɗaukar warin baki. Giwa ta yi magana, ɓera ya yi magana, duk da siririyar murya ɗaya suke fitowa.

Lantana ta shiga layi da sunan Uwar Daddawa, don kada a biyo ta gida. Saƙon farko da ya same ta na Dubu ne, da irin tayin da ta saba. Lantana tana zaune a cikin raminta, rana na shigowa ta ƙofa, babu inuwar kowa a kan faifanta. Ta jira jikinta ya dunƙule, bai dunƙule ba. Ta buɗe baki ta ce, "Albarka." Kalmar ta fito mata da wani irin zaƙi da ba ta taɓa ɗanɗanawa ba, har ta sake faɗin ta ita kaɗai, hawaye na bin ƙayoyin kumatunta.

Dubu kuwa, da aka ce mata albarka har sau uku, sai ta tsorata. Wa zai yi mata haka in ba wanda ya fi ta ƙarfi ba? Ta yanke a ranta cewa Uwar Daddawa dorina ce, tunda daga wajen kogi shamuwa ke taso da kayan. Daga ranar ta fara biyan kuɗin gaskiya, tana haɗawa da gaisuwa: "Ranki ya daɗe, uwar ɗakina, yaya ruwa? Yaya yara?" Amma abin yana ci mata rai. Ƙananan 'yan kasuwa sun rage zuwa gindin kuka, kowa na ciniki daga ɗakinsa, haƙoranta sun zama na cin nama kawai. Shi ya sa ta kai ƙara majalisar kasuwa, a zuba toka a kan layin, don kowa ya san tururuwa ba ta ƙetare toka. Ta bi gida gida ta saye tokar dajin kaf, ta jibge ta cikin kwanduna a gindin kuka. Ga kalwar Lantana nan a tukunya ta dahu, an rasa tokar surfa ta.

Bayan tafiyar Dubu, Lantana ta warware a hankali. Cindo, shugabar tururuwan wannan reshe, tana kan bakin ƙwarya tana gyara ƙahonninta.

"Yaya Cindo, kin ji abin da ta ce?"

"Mu ai ji ne sana'armu."

"To ki gaya musu mana! Ki ce ni ce Uwar Daddawa, layin nan bai cuce ni ba."

"A'a ƙanwata. Mu ba mu da baki sai na masu saƙo. Mun san babban da ke sayen maganin basir a ɓoye, mun san wanda ke zuba yashi a gero, ba mu taɓa faɗa ba." Ta karkaɗa ƙahonninta. "Har yanzu dai. Maganarki ke za ki faɗe ta. Ga ma wani saƙo ya shigo, daga mutumin nan naki na tsallake."

Lantana ta matso kusa da ƙwaryar. Shekarau ke nan, wani mai saƙar tabarma da ke sayen daddawar da ta fi ƙarfin cikin gwauro ɗaya. Bai taɓa ganin ta ba, ita ma ba ta san wace irin halitta ba ce shi. Tun yana tayawa ta ce albarka, har ya koma yin tayin banza da gangan, wai don ya ji ta faɗa. Daga nan hira ta wuce daddawa, ta kai ga launin kogi da almuru, da abin da kowannensu ke tsoro.

"Ya ce," in ji Cindo, "ana ta raɗe-raɗin wai ke dorina ce. Ya ce in haka ne a gaya miki ya fara koyon iyo."

Lantana ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. In aka zuba tokar nan, ba ciniki kaɗai za a binne ba. Za ta koma gindin kuka ta ci gaba da dunƙulewa har tsufa, shi kuma ba zai taɓa sanin ramin da zai nema ba. In kuma ta bayyana kanta, Dubu ta san ƙofarta.

Washegari majalisa ta zauna. Sarkin Kasuwa raƙumin dawa ne, dattijo mai kwarjini, wanda saboda tsawon wuyansa yakan ji labarin kasuwarsa bayan kowa ya ji. Ya yarda an ja masa layi har kunne, don kada a ce sarki ba ya tafiya da zamani, amma bai taɓa aika saƙo ba. Dabbobi suka yi da'ira, layukan tururuwa suna ratsa tsakanin ƙafafunsu kamar baƙin zare. Dubu ta ajiye Lantana a tsakiyar fili. Cindo ta lallaɓa ta shige tsakanin ƙayoyi, ta zauna a bayan kunnenta.

Ungulu ya fara magana. Ya ce shi bai taɓa amfani da layin ba, bai san yadda yake aiki ba, saboda haka ya fi kowa cancantar faɗin illarsa ba tare da son rai ba. Biri ya ba da shawarar a kafa kwamiti, a ba kwamitin gyaɗar zama, ya kuma ce a shirye yake ya sadaukar da kansa ya shugabance shi. Sannan Dubu ta miƙe.

"Allah ya ja zamanin Sarkin Kasuwa. Jama'a, ni ba don kaina na tsaya nan ba. Ni me na rasa? Don talakawa na tsaya. Da can ciniki ido da ido ake yi, babba ya ga ƙarami ya tausaya masa, ƙarami ya ga babba ya girmama shi. Yau fa? Wasu ƙatti sun laɓe a bayan tururuwa, ba a ganin fuskarsu, sun danne kasuwa. Akwai wata wai ita Uwar Daddawa. Wallahi ban taɓa ganin mai taurin zuciya irinta ba! Ka taya, albarka. Ka ƙara, albarka. Ni da nake da ɗan ƙarfi haka take yi mini, ina ga wannan baiwar Allah?" Ta nuna Lantana, muryarta na rawa. "Ku dube ta. Marainiya ce, daddawa ce gadonta. Shekara da shekaru ni nake saye a wurinta, ban taɓa barin ta ta koma gida da kaya ba, ko sau ɗaya. Yanzu dorinar nan ta ƙwace mata kasuwa, har ta daina fitowa. A madadinta, da madadin duk wani mai ƙaramin faifai, ina roƙon a zuba toka. Tokar ma ni na saya da gumina, sadaka." Ta juyo ta sunkuya, inuwarta ta rufe Lantana, ta buɗe baki kaɗan. "Ko ba haka ba, 'yar nan?"

Lantana ta yi niyyar tsayawa. Allah ya sani ta yi niyya. Amma jiki bai san niyya ba. Ƙafafu suka shige, kai ya bi, duhu ya rufe ta.

"Kun gani," in ji Dubu, tana share ido. "Baƙin ciki ya hana ta magana."

Daga can sama Sarkin Kasuwa ya yi gyaran murya. "To, jama'a. Kamar yadda muka gada daga iyaye, su ma suka gada daga kakanni, waɗanda Allah ya jiƙansu ba su kafa doka don wasa ba, duk wanda aka taya masa magana a wannan fili, aka ba shi dama, bai musa ba…"

Lantana tana can cikin duhun jikinta. Sai Cindo ta raɗa mata, "Saƙo, daga Shekarau. Ya ce ya ƙetaro, yana cikin taron nan. Ya ce, Uwar Daddawa, in kina ji, ki faɗi kalmar nan taki. Ya ce ko ba don kasuwa ba, shi bai san inda zai neme ki ba."

Lantana ta lumshe ido. Sai ta lura da wani abu: nan cikin duhun babu haƙori, babu inuwa. Tamkar tana cikin raminta ne.

"Yaya Cindo, aika wa kowa."

"Kowa da kowa? Me za a ce?"

"Ki ce Uwar Daddawa ta ce albarka."

Daga ƙarƙashin curin ƙayar nan wani motsi ya tashi. Kan tururuwa ya taɓa kan tururuwa, layukan suka yi rawa kamar iska ta bi ta kan gonar gero, motsin ya bazu ta ko'ina. Zomo ya ɗaga kunne. Kurege ya saki gyaɗar hannunsa. Dubu ta zabura ta waiga wajen kogi, ta rusuna ba ta sani ba. Saƙon ya kama ƙafar Sarkin Kasuwa ya fara hawa, jama'a na bin sa da ido, ya wuce gwiwa, ya wuce kafaɗa, ya kama dogon wuyan nan.

"…to bisa ga al'ada, da ikon da aka ɗora mana, muna bayyana cewa wannan bushiya ta salla…" Kunnensa ya motsa. Ya tsaya. "Wace ce Uwar Daddawa? Tana ina?"

"Ranka ya daɗe, tana kogi," in ji Dubu da sauri. "Kada a kula ta, ba ta cikin taro."

"A kira ta. Ke kika kawo ƙara, ke za ki kira."

Babu yadda Dubu za ta yi. Ta sunkuya wajen tururuwar da ke gabanta, kuma da yake baki ya riga ya saba, sai ta ce, "Ranki ya daɗe, uwar ɗakina, Sarki na kira." Kowa ya ji. Kowa kuma ya zuba ido ya ga inda saƙon zai nufa. Bai nufi kogi ba. Ya zagaya gindin kuka, ya bi ta gefen kwandunan toka, ya dawo tsakiyar fili, ya shige ƙarƙashin 'yar ƙwallon ƙayar da ke gaban ƙafar Dubu.

Sannu a hankali ƙayoyin suka kwanta. Hanci ya leƙo, idanu suka biyo, Lantana ta tsaya da ƙafafunta huɗu.

"Na amsa, Inna," ta ce, da bakinta, kowa na ji. "Ruwa lafiya. Yara kuma ban samu ba tukuna."

Dariya ta ɓarke har tsuntsaye suka tashi daga kan kuka. Lantana ta ɗaga kai sama iyakar iyawarta.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Ni ban iya dogon jawabi ba. Gaskiya ne Inna ba ta taɓa barina na koma gida da kaya ba. Ba ta kuma taɓa barina na koma da abin sayen kalwa ba. Ba a taɓa tambayata ba, sai dai a taya mini, in dunƙule, a ce na yarda. Layin nan bai ƙara mini wayo ba, bai ƙara wa daddawata daɗi ba, yadda take da haka take yanzu. Abu ɗaya ya yi mini: ya bar ni na gama magana. In an zuba masa toka, a sani ba don ni aka zuba ba."

"Ba don ni ba ma!" in ji zomo. Kurege ya ce shi ma haka. Muryoyin da ba a taɓa ji a majalisa ba suka dinga tashi daga ƙasa, ƙanana ƙanana, har suka haɗu suka zama guguwa. Biri, da ya ga inda iska ta juya, ya yi tsalle ya ce shi dama tun farko ra'ayinsa ke nan. Sarkin Kasuwa ya ce ƙara ta faɗi, layi yana nan.

A can bayan taro aka ga wata ƙwallon ƙaya, an jingina naɗaɗɗiyar tabarma kusa da ita. Tun lokacin da Dubu ta buɗe baki mai tabarmar ya dunƙule, daga ciki ya aiko saƙonsa. Ya warware, ya dubi Lantana, ta dube shi. Duk kalmomin da suka yi ta ƙetare kogi suka taru suka tsaya a tsakaninsu, babu wadda ta iya fita.

"Ashe wahalar banza na sha wajen koyon iyo," in ji Shekarau daga ƙarshe.

Lantana ta sunkuyar da kai tana murmushi. Idonta ya sauka a kan kwandunan toka, ta tuna kalwarta da ke jira a tukunya. Wani ƙarfin hali da ba ta san tana da shi ba ya taso mata. Ta taka har gaban Dubu, wadda ke tsaye baki sake tun ɗazu.

"Inna, tokar nan tunda ba ta da aiki, ina so. Na taya dunƙulen daddawa ɗaya, duka kwandunan. Zan sa miki gyara."

Dubu ta dube ta. Leɓunanta suka motsa. Tunda take a duniya ita ke tayawa, ba a taɓa taya mata ba, kalmar da ake faɗa ta ɓace mata sam. Jama'a suka jira. Suka ƙara jira, har fiye da yadda ita ta taɓa jiran kowa.

"Ta sallama!" in ji zomo, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba. Fili ya ɗauka. Kafin a ce haka Shekarau ya shimfiɗa tabarmarsa, ƙananan 'yan kasuwa sun fara jan kwanduna zuwa ramin Lantana, shamuwa na kaɗa fiffike a sama.

Sai a lokacin Dubu ta samu bakinta. Ta yi kururuwa ta ce zalunci ne, ta ce ina aka taɓa ɗaukar shirun mutum a ce yardarsa ce? Manyan majalisa, masu haƙori da masu farce, suka dubi kwandunan da ke tafiya, suka dubi juna, kowa ya tuna da nasa rumbun. Suka matsa gindin Sarkin Kasuwa, ya sauko da wuyansa, abin da ba a taɓa ganin ya yi ba. Shawarar ba ta ɗauki lokaci ba, ba a kuma nemi kwamiti ba.

Ya miƙe, ya yi gyaran murya.

"Cinikin toka ya riga ya faɗa, babu mai tashin sa. Amma majalisa ta daɗe da lura cewa dokar shirun nan tana cutar da talakawa. Daga yau mun soke ta."